Gishirin Efsom da kifin akwati

Darasin kimiyya

1. Gishiri ba iri ɗaya ba ne

Kowane yaro ya san gishiri. Akwai na Bilma wanda ayarin raƙuma ke kawowa, beza domin miya, kantu domin bisashe. Akwai kanwa, wadda a ke sa wa wake don ya nuna da wuri. Akwai alif, wanda a ke jefawa cikin ruwan tabki don laka ta kwanta. Mutanen kasuwa ba su kiran kanwa da alif gishiri, amma a wurin masana kimiyya duk dangi ɗaya ne. Su, gishiri ɗari-ɗari su ka sani. Da yawa farare ne, suna ƙyalli, suna narkewa cikin ruwa. Amma kama da wane ba ta wane: kowane da abin da ke cikinsa, kowane da aikinsa.

Wannan darasi ya shafi ɗaya daga cikinsu, watau gishirin Efsom. A ido ya yi kama da gishirin miya ko sukari mai manyan ƙwayoyi. A baki kuwa ɗaci gare shi. Ana sayar da shi a farmasi. Masu kiwon kifin ado suna yawan sa shi cikin ruwan kifayensu. Wani lokaci yana taimako, wani lokaci kuma shi ne ajalin kifin. Bambancin yana ga sani da awo.

2. Akwatin kifi

A ƙasashe da yawa mutane suna kiwon ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi, ba don ci ba, don kallo da nazari. Sunan wannan akwati akwariyom. Mutanen Sin sun fi shekara 1000 suna kiwon jan kifi domin ado. A shekara ta 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a, cikin gidan dabbobi na birnin Landan. Yanzu har makarantu kan ajiye akwati ɗaya a aji domin darasin halitta.

Kifin kogin Isa ko na tabkin Madarumfa yana da faɗin wuri. In ruwa ya ɓaci a nan, sai ya koma can. Kifin akwati ba shi da wurin gudu. Cikin ruwan nan ɗaya ya ke numfashi, cikinsa ya ke ci, cikinsa ya ke kashi. Duk abin da aka zuba a ciki, da shi zai kwana, da shi zai tashi. Saboda haka wanda ya ajiye kifi ya ɗauki amana. Kafin ya zuba kome cikin akwati, wajibi ne ya san mene ne abin, me zai yi, kuma nawa ya kamata.

3. Inda sunan ya fito

Efsom gari ne a Ingila, kilomita 20 da ɗoriya kudu maso yamma da Landan. Cikin littattafan faransanci Epsom a ke rubutawa. Mutanen garin suna ba da labari cewa a shekara ta 1618, lokacin wani fari, wani makiyayi mai suna Henry Wicker ya tarar da ruwa cikin wani rami a makiyaya. Ya kawo shanunsa, amma su ka ƙi sha, duk da ƙishirwa. Ruwan ɗaci gare shi. Daga baya aka gane wanda ya sha shi cikinsa na wankewa. Sai labari ya bazu, mutane su ka riƙa zuwa daga Landan neman magani.

Wani likita, Nehemiah Grew, ya dafa ruwan rijiyar har ya ƙafe, ya sami farin gishiri mai ɗaci. Ya rubuta bayaninsa a 1695. A 1755 Joseph Black, masani na ƙasar Sikotlan, ya nuna cewa farin garin da a ke samu daga wannan gishiri daban ya ke da farar ƙasa. A 1808 kuma Humphry Davy ya yi amfani da lantarki ya fitar da ƙarfen da ke ɓoye a ciki. Sunan ƙarfen manyeziyom.

Yau ba daga rijiyar Efsom a ke samun gishirin ba. Ana haƙo shi daga ƙasa, ana fitar da shi daga ruwan teku, ana kuma haɗa shi a masana'antu. Suna kawai ya rage wa garin.

4. Abin da ke cikinsa

Gishirin miya abu biyu ne a haɗe, sodiyom da kulor. Masana suna rubuta shi NaCl.

Gishirin Efsom ba shi da sodiyom, ba shi da kulor. Sunansa na kimiyya sulfat na manyeziyom. Ana rubuta shi MgSO₄·7H₂O. Ga ma'anar rubutun:

Mg, manyeziyom ke nan. Ƙarfe ne fari marar nauyi. Jikin mutum da na kifi suna bukatar kaɗan daga cikinsa domin ƙashi da jijiyoyi. Shi ne kuma a tsakiyar sinadarin da ke sa ganye ya yi tsanwa.

SO₄, sulfat ke nan, watau farar wuta haɗe da oksijan.

7H₂O, ruwa ke nan. Ko da ya ke gishirin a bushe ya ke a hannu, akwai ruwa a ɗaure cikin ƙwayoyinsa.

In an auna giram 246 na gishirin Efsom, giram 24 manyeziyom ne, giram 96 sulfat, giram 126 ruwa. A taƙaice, cikin kowane giram 100 akwai manyeziyom kimanin giram 10, sulfat 39, ruwa 51. Fiye da rabinsa ruwa ne.

Sa'ad da aka zuba shi cikin ruwa, sai ya narke ya rabu gida biyu, manyeziyom daban, sulfat daban. Kowane ɓangare ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, kuma yana ɗauke da ɗan ƙarfin lantarki. Irin wannan ɓangare shi a ke kira iyon. Gishirin ya ɓace wa ido, amma yana nan cikin ruwan, ko ƙwaya ɗaya ba ta salwanta ba.

Sulfat yana da ƴan uwa da yawa, kuma ba duka ke da hali ɗaya ba. Jifs, wanda a ke haɗawa cikin siminti kamar na Malbaza, sulfat na kalsiyom ne. Alif sulfat ne mai aluminiyom, yana sa ruwa tsami, yana ɓata wurin numfashin kifi. Sulfat na jan ƙarfe shuɗi ne, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi da dodon koɗi. Don haka ganin kalmar sulfat a jikin ƙunshi bai isa ba, sai an karanta sunan duka.

5. Kifi da ruwan da ya ke ciki

In an yanka albasa aka barbaɗa mata gishiri, ba a daɗewa sai a ga ruwa yana tsattsafowa. Dalili shi ne, ruwa kan ratsa siririyar fata ya tafi ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Wannan tafiya ta ruwa ita a ke kira osmoz.

Jinin kifi yana da gishiri. Ƙarfinsa ya yi kusa da na ruwan da aka narka wa gishirin miya giram 9 cikin lita ɗaya. Ruwan kogi da na tabki kuwa gishirinsu bai kai ko giram ɗaya cikin lita ba. Saboda haka dare da rana ruwa yana shiga jikin kifin kogi. Yawanci yana shiga ta mashaƙa, watau jan naman nan mai kama da gashin tsuntsu da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa, inda ya ke ɗaukar oksijan.

Me ya hana shi kumbura? Ƙodarsa. Kifin kogi ba ya shan ruwa sai kaɗan ƙwarai, amma yana fitsari mai yawa, tsararo kamar ruwa. Mashaƙarsa kuma tana tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwa tana mayar wa jini. Muddin ƙoda da mashaƙa suna aiki, kifi na nan daidai. Ran da ƙoda ta gaza, ruwa ya taru, ciki ya kumbura.

Kifin teku nasa akasin haka ne. Lita ɗaya ta ruwan teku tana da gishiri kimanin giram 35, cikinsu akwai manyeziyom fiye da giram ɗaya. Ruwa fita ya ke yi daga jikinsa, don haka yana sha da yawa, ƙodarsa kuma ta saba fitar da manyeziyom da sulfat. Kifin kogi ba a halicce shi da wannan sabo ba. Shi ya sa abin da ba kome ba ne ga kifin teku ya kan yi wa na kogi yawa.

6. Aiki na farko: ƙara wa ruwa tauri

Mata masu wanki sun san ruwan sama yana kumfa da ɗan sabulu kaɗan, ruwan wasu rijiyoyi kuwa sai an sha wuya. Ruwan da ke cin sabulu shi a ke kira ruwa mai tauri. Abin da ke kawo taurin kalsiyom ne da manyeziyom, waɗanda ruwa ya narko daga duwatsu. A ƙasar da ke da dutsen farar ƙasa, kamar Adar, ruwan rijiya ya kan yi tauri.

Ana auna tauri da digiri. A awon Faransa, digiri ɗaya daidai ya ke da miligiram 4 na kalsiyom, ko miligiram 2,4 na manyeziyom, cikin lita ɗaya. Giram ɗaya na gishirin Efsom cikin lita 10 yana ba kowace lita manyeziyom kusan miligiram 10. Watau yana ƙara tauri da digiri 4. Wannan aiki tabbatacce ne, ana iya auna shi.

Kowane kifi da irin ruwan da ya gada. Tabkin Tanganyika, a gabashin Afirka, ruwansa na da manyeziyom kimanin miligiram 40 cikin lita, ya fi kalsiyom ɗinsa yawa. Kifayensa, dangin karfasa ne, ana kiwonsu cikin akwati a duniya duka. Wanda ruwan garinsu ba shi da tauri ya kan ƙara musu gishirin Efsom don ruwan ya yi kama da na gida. Amma kifayen Riyo Negro, a ƙasar Birazil, sun gaji ruwa marar tauri, kusan kamar ruwan sama. Su, ƙarin tauri wahala ce gare su.

Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe. Na ɗaya, gishirin Efsom manyeziyom kaɗai ya ke bayarwa, ba ya ba da kalsiyom, alhali kifi na bukatar duka biyu. Na biyu, ba ya sake tsamin ruwa ko kaifinsa sosai. Kanwa kuwa tana ƙara kaifi. Kashin kifi da fitsarinsa suna barin wani sinadari cikin ruwa mai suna amoniyak, kuma yawan kaifin ruwa yana ƙara masa dafi. Saboda haka ba a musanya gishirin Efsom da kanwa, ko da an rasa shi.

7. Aiki na biyu: jinyar kifi

Mutumin da ya sha gishirin Efsom cikinsa na wankewa, gama hanji ba ya tsotse shi sosai. Yana zama cikin hanji, yana jawo ruwa ta hanyar osmoz, sai kashi ya yi laushi. Manyeziyom kuma yana sa tsoka ta saki. Don waɗannan dalilai biyu masu kiwon kifi su kan nemi taimakonsa in sun ga ɗaya daga cikin alamun nan: ciki ya ɗaure kifi ba ya kashi, ko kifi yana iyo a karkace, ko ciki ya kumbura, ko ido ya fito.

Hanya biyu su ka saba bi.

Hanyar farko, wanka na ɗan lokaci. Ana ɗebo ruwan akwatin lita 4 cikin roba mai tsabta, a narka babban cokali ɗaya, watau kimanin giram 15. A sa kifin na minti 15, kada a wuce 30. Mai shi ba ya gusawa daga wurin. In kifi ya fara birkicewa ko numfashinsa ya sake, nan da nan a mai da shi ruwansa.

Hanya ta biyu, zama na kwanaki cikin wani akwati daban na jinya. Nan awon kaɗan ne ƙwarai, daga rabin giram zuwa giram 2 cikin lita 10. Ana narka gishirin cikin kofi tukuna, sa'an nan a zuba kaɗan kaɗan.

Awon wanka kusan giram 40 ne cikin lita 10. Awon zama giram 2 ne. Na farko ya ninka na biyu kusan sau 20. Wanda ya rikita su, ya zuba awon wanka cikin akwatin da kifaye ke kwana, ya jefa su cikin hatsari da hannunsa.

Mutane da yawa suna cewa wankan yana tsotse ruwa daga jikin kifin da ya kumbura. Lissafi bai yarda da wannan ba. Tun da rabin gishirin Efsom ruwa ne, ɓangarorinsa kuma masu nauyi ne, ƙarfin jan giram 4 nasa bai wuce na giram ɗaya na gishirin miya ba. Jinin kifi kuwa ƙarfin giram 9 gare shi. Ko cikin wankan, ruwa shiga jikin kifi ya ke yi. Ban da haka, kifin kogi ba ya shan ruwa da yawa, don haka ɗan kaɗan ne ke kaiwa hanjinsa. Taimakon da wankan ke yi ƙarami ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Kumburi alama ce, ba ita ce cutar ba. In ciki ya ɗaure don yawan abinci, magani na farko shi ne a hana kifin ci kwana 2 ko 3, ba zai mutu ba. In kuwa jiki duka ya kumbura har ɓawon fata ya miƙe tsaye kamar ƙayar bushiya, yawanci ƙoda ce ta lalace, sau da yawa saboda ƙwayoyin cuta. Gishirin Efsom ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Irin wannan kifi a ware shi, a nemi shawarar likitan dabbobi ko ma'aikatan kula da kifi. Da yawa ba su tashi. Wani kifin kuma ba ciwo gare shi ba, macen ce ta cika da ƙwai.

8. Inda hatsari ya ke

Yawan awo. Manyeziyom kaɗan abinci ne, mai yawa kuwa yana kashe ƙarfin jijiya da tsoka. Masu nazarin halittun teku suna amfani da gishirin manyeziyom su sumar da dodon koɗi da ire-irensa kafin su duba su. Kifin da aka cika wa awo ya kan yi sanyi, ya kwanta a ƙasa, numfashi ya ragu, ya mutu. Ƴaƴan kifi da kifin da ciwo ya riga ya raunana su ne su ka fi saurin faɗuwa.

Sauyi farat ɗaya. Jikin kifi yana sabawa da ruwa sannu a hankali. Ko awon daidai ne, in an zuba shi gaba ɗaya, ko aka bar ƙwayoyin gishiri su ka faɗa kan kifi ba su narke ba, zai wahala.

Taruwa. Ruwa na tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Masu dafa gishiri da wannan su ke cin abinci. A ɗauka akwati na da lita 30, an narka giram 6. Da zafin bazara, a ce lita 5 ta ƙafe cikin mako ɗaya. Giram 6 na nan, sai dai yanzu cikin lita 25. In mai shi ya cika akwatin da ruwan da ya sake sa wa giram ɗaya, sun zama 7. In ya yi haka mako 6, sun zama 12. Awo ya ninka biyu, shi kuwa yana tsammani bai sake kome ba. Ƙa'ida ita ce, ruwan da ya ƙafe da ruwa zalla a ke mayar da shi. Hanyar rage gishiri kuma ɗaya ce, a kwashe ruwa a zuba sabo. In an sake rabin ruwan, giram 6 sun koma 3. In an sake rabi kuma, sun koma ɗaya da rabi.

Gauraye. Akwai gishirin Efsom da a ke sayarwa domin wankan mutane, an sa masa turare da launi da mai. Waɗannan suna manne wa mashaƙar kifi. Sai wanda takardarsa ta nuna sulfat na manyeziyom zalla. Farin garin da ba shi da suna, wanda aka ƙulla cikin leda, ba a sa shi cikin akwati. Yana iya zama takin zamani, ko alif, ko wani abu daban.

Mantawa da ruwa. Yawancin ciwon kifin akwati daga ƙazamin ruwa ya ke fitowa: abinci ya yi yawa ya ruɓe, kifaye sun yi wa akwati yawa, an daɗe ba a sake ruwa ba. Zafi ma na ƙara wahala. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana riƙe oksijan kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa 7 da rabi. Ruwan famfo kuma yana da kulor, sai an bar shi ya kwana a buɗe. Wanda ya zuba gishiri cikin ƙazamin ruwa bai gyara kome ba. Rigakafi ya fi magani: a sake kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, a ba kifi abin da zai cinye cikin minti 2 ko 3, a ajiye akwati a inuwa.

9. Gishirin da mutane

Sulfat na manyeziyom babban magani ne a asibiti. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rasawa, domin da allurarsa a ke tsai da jijjigar da kan kama mata masu ciki da masu haihuwa. Ya ceci rayuka da yawa. Amma ko can, likita da ungozoma suna auna shi daidai, suna duba numfashin majinyaciya, suna kuma ajiye allurar kalsiyom kusa don karya ƙarfinsa in ya yi yawa.

Yaro ba ya shan gishirin Efsom, ba ya ba ƙanensa. Yana kawo zawo, zawo kuma yana ƙarar da ruwan jiki. Ga mai ciwon ƙoda hatsarin ya fi girma. A ajiye shi cikin kwalba mai murfi, a rubuta suna a jiki, nesa da gishirin miya da sukari. Wanda ya taɓa ruwan akwati ya wanke hannu da sabulu.

10. Gwaje-gwaje a aji

Ba a gwaji da kifi mai rai. Waɗannan huɗu sun isa, kuma malam ne ke jagora.

Na ɗaya. A narka gishirin miya cikin kofi ɗaya, gishirin Efsom cikin wani. A ɗiga kowane kan baƙin faranti, a bar su su bushe a inuwa. Na miya zai fito da ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, na Efsom dogaye kamar allura.

Na biyu. Malam ya ɗora cokali ɗaya na gishirin Efsom cikin gwangwani bisa garwashi. Zai jiƙe, ya yi tururi, ya koma farin gari. Ruwan da ke ɗaure a ciki ne ya fita.

Na uku. A zuba ruwan sama daidai wa daida cikin kwalba biyu. A narka ɗan gishirin Efsom cikin ɗaya. A kankare sabulun wanki na sanda, ba na gari ba, a sa daidai cikin kowace, a girgiza. A duba wadda ta fi kumfa.

Na huɗu. A tace ruwan toka ko ruwan kanwa har ya yi garau. A ɗiga shi cikin ruwan da aka narka wa gishirin Efsom da yawa. Ruwa zai yi fari kamar nono. Irin wannan farin gari ne Joseph Black ya yi nazari a kai.

Abin tunawa

Gishirin Efsom sulfat na manyeziyom ne, ba gishirin miya ba ne, ba kanwa ba ne. Giram ɗaya cikin lita 10 yana ƙara tauri da digiri 4. Ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya tsabtace ruwa. Awon wanka daban, awon zama daban. Ruwa na ƙafewa, gishiri na zama. A fara duba ruwa da abinci kafin a nemi magani.

Kalmomi

akwatin kifi: aquarium
gishirin Efsom: sel d'Epsom
sulfat na manyeziyom: sulfate de magnésium
mashaƙar kifi: branchies
ƙoda: rein
taurin ruwa: dureté de l'eau
narkewa: dissolution
ƙafewa: évaporation

Tambayoyi

1. Me ya sa shanun makiyayin Efsom su ka ƙi shan ruwan?
2. Waɗanne abubuwa uku ke cikin gishirin Efsom? Wanne ya fi yawa?
3. Don me kifin kogi ke fitsari da yawa?
4. Me ya sa ba a musanya gishirin Efsom da kanwa ko alif?
5. Kifi ya kumbura. Waɗanne abubuwa ya kamata a duba kafin a taɓa gishiri?

Lissafi

1. Akwati na da tsawon santimita 50, faɗin 30, zurfin ruwa 20. Lita nawa ke ciki?
2. Ana so a ƙara wa ruwan nan tauri da digiri 8. Giram nawa na gishirin Efsom za a narka?
3. Bayan haka an sake rabin ruwan sau uku da ruwa zalla. Giram nawa su ka rage?